Masu Ƙaruwar Jin Zafin Ciwo Suna Buƙatar Magani, a Daina Ce Musu Masu Raki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu, musamman ma'aikatan lafiya da masu jinyar 'yan uwansu, kan wani al'amari da binciken likitanci ya yi nisa a kansa cikin shekaru arba'in da suka wuce, amma har yanzu labarinsa bai kai kunnen yawancin mutane ba. Ina nufin larurar ƙaruwar jin zafi, wato halin da jikin mutum ke shiga ya riƙa jin raɗaɗi fiye da yadda abin da ya taɓa shi ya isa ya jawo. Mai wannan larura yana fama da ciwon da ke cinsa, sannan yana fama da zargin da ake masa na raki, ko son jiki, ko neman a tausaya masa, tun da an yi hoto ba a ga komai ba, an auna jini an ce lafiya lau. Masu bincike sun riga sun nuna cewa sauyi ne na zahiri yake faruwa a cikin jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, cewa ana iya auna shi, kuma cewa hanyar maganinsa ta sha bamban da ta ciwon rauni na yau da kullum, har ta kai ga wasu magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna iya ƙara masa wuta.

Likitoci sun raba larurar gida biyu. A na farko, abin da dama yake da ɗan zafi, kamar tsinin allura ko mintsini, sai ya zo da raɗaɗi ninkin-ba-ninkin; wannan suke kira haifaraljesiya. A na biyu, wanda suke kira alodiniya, abin da ba shi da zafi ko kaɗan, kamar shafawar hannu, ko gogar riga, ko iskar fanka, shi ne yake zama azaba. Kowa ya taɓa ɗanɗanar ƙaramin nau'insa, domin duk wanda ya ƙone a hannu ya san yadda ruwan ɗumi, wanda jiya ya yi wanka da shi cikin jin daɗi, yake zama kamar tafasasshe idan ya sauka a wurin ƙunar. Wannan rahama ce, don ita ke sa mutum ya kiyaye wurin har ya warke. Matsala tana farawa ne idan rauni ya warke amma jijiyoyin suka ƙi komawa yadda suke. Na ga wani dattijo da ya yi fama da ƙurajen nan masu fita a gefe ɗaya na haƙarƙari, waɗanda ƙwayar cutar ƙarambau ke haddasawa idan ta farka bayan shekaru tana kwance a cikin jijiya. Ƙurajen sun bushe, fatar ta koma sumul, amma watanni bayan haka yana zaune yana riƙe da gefen rigarsa da yatsu biyu don kada ta taɓa jikinsa, kuma idan jikansa ya rugo zai rungume shi sai ya kare da gwiwar hannu, fuskarsa ta canja tun yaron bai iso ba. Haka nan akwai masu ciwon suga da ya daɗe, waɗanda ba sa iya barin mayafi ya sauka a kan ƙafafunsu da dare.

Wani ɓangare na bayanin yana nan a bakin jijiyoyin da ke cikin fata da nama. A 1997 David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco a Amurka, tare da abokan aikinsa, sun gano wata 'yar ƙofa a jikin waɗannan jijiyoyi, wadda aka sa wa suna TRPV1. Sinadarin da ke sa barkono yaji yana buɗe ta, haka ma zafin da ya kai kimanin digiri 43 a ma'aunin Selsiyos. Idan nama ya ji rauni ya kumbura, sinadaran da jiki ke zubawa a wurin suna sassauta wannan ƙofa, ta yadda za ta riƙa buɗewa a zafin da bai kai haka ba, wani lokaci ma ɗumin jikin mutum kansa ya ishe ta. Wannan aiki ne ya kai Julius ga samun kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021, tare da Ardem Patapoutian wanda ya gano ƙofofin da ke jin taɓawa da dannawa. Irin wannan ƙaruwar zafi ta wurin rauni ita ce wadda asfirin da aibufurofen suke yi wa aiki, saboda suna hana jiki haɗa furostagilandin, ɗaya daga cikin sinadaran da ke tunzura bakin jijiyar.

Abin da ya fi muhimmanci ga maganata yana faruwa ne can ciki, a lakar gadon baya da ƙwaƙwalwa. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo hujja cewa saƙon zafi ba ya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, akwai mashiga a laka inda ake iya rage shi ko ƙara shi, kuma hakan ne ya sa mutum yake murza wurin da ya buge ya ji sauƙi. Sai a 1983 Clifford Woolf, yana aiki a Landan, ya nuna a jikin ɓeraye cewa idan saƙon zafi mai tsanani ya yi ta dukan laka, ƙwayoyin jijiyar da ke wurin suna canjawa su zama masu saurin tashi, kuma suna ci gaba da zama haka ko da an sandarar da wurin raunin da allura. Daga nan sai saƙon taɓawa mai laushi, wanda ya kamata ya wuce salin-alin, ya riƙa isa ƙwaƙwalwa a matsayin raɗaɗi, kuma zafin ya bazu zuwa sassan da raunin bai taɓa ba. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka lakar take yi, sai dai a nan mutumin ba shi da hannu a ciki, ba tunaninsa ne ya ƙaga ba, kuma faɗa ko lallashi ba za su sa jijiyar ta sauka ba.

Ƙwaƙwalwa ma tana da hanyarta ta aiko da umarni ƙasa zuwa laka don a danne zafi, ta amfani da sinadarai irin su serotonin da noradirenalin da kuma wasu masu kama da mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, waɗanda jiki ke haɗawa da kansa. Ita ce take sa wanda ya ji mummunan rauni a hatsari ya iya tashi ya ceci ɗansa kafin ya san ya karye. A wurin mutane da yawa masu daɗaɗɗen ciwo an auna an ga wannan birki ya yi rauni. Rashin barci ma yana raunana shi: gwaje-gwaje a kan mutane masu cikakkiyar lafiya sun nuna cewa idan aka hana su barci, washegari sukan ji zafi daga abin da jiya suka jure. Ga mai ciwo kuwa, ciwon ne ke hana barcin, rashin barcin kuma ya ƙara ciwon.

Mai karatu zai iya tambaya, tun da hoto da gwajin jini ba sa nuna komai, ta yaya aka san ba faɗa kawai majinyacin yake yi ba? Akwai gwaji mai sauƙi da likitan Jamus Max von Frey ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, ana amfani da shi har yau. Wasu siraran zarurruka ne na roba masu kama da gashin wutsiyar doki, kowanne da kaurinsa. Mai gwajin zai sa majinyaci ya rufe ido, ya dafa bakin zaren a fata ya danna har ya lanƙwashe, don kowane zare yana lanƙwashewa ne a kan nauyi sananne. Zaren da mai lafiya da ƙyar zai san an taɓa shi da shi, mai larurar zai zabura ya janye hannu. A 2002 Richard Gracely da Daniel Clauw da abokan aikinsu a Amurka sun danna farcen babban yatsan masu ciwon faibiromayaljiya, wato ciwon jiki gaba ɗaya mai zuwa da gajiya da rashin barci, yayin da na'ura ke ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwarsu. Sassan da ke karɓar zafi sun tashi a kan dannawa mai sauƙi wadda ba ta tayar da su haka a ƙwaƙwalwar masu lafiya ba. A 2021 kuma masu bincike daga Kwalejin King's ta Landan da Jami'ar Liverpool da Cibiyar Karolinska ta Suwidin sun ɗebi sinadaran garkuwar jiki daga jinin irin waɗannan majinyata suka yi wa ɓeraye allurarsu, sai ɓerayen suka kamu da saurin jin zafin dannawa da na sanyi, alhali waɗanda aka yi wa daga jinin masu lafiya ba su canja ba. Ɓera dai ba ya raki don a tausaya masa.

Gado ma yana da nasa kaso. A 2006 masana daga Jami'ar Cambridge sun ba da rahoton wasu iyalai a arewacin Pakistan waɗanda 'ya'yansu ba sa jin zafi ko kaɗan, bayan sun samu labarin wani yaro da ke wasa a titi yana taka garwashi yana caka wa hannunsa wuƙa. An gano cewa wata ƙwayar gado mai suna SCN9A ce ba ta aiki a jikinsu. Shekara biyu kafin nan, masu bincike a ƙasar Sin sun gano cewa idan wannan ƙwayar gado ɗin ta yi aiki fiye da ƙima, mutum yana fama da wata cuta da ke sa hannuwa da ƙafafu su yi ja su riƙa zugi kamar an sa su a wuta da zarar sun ɗan ji ɗumi. Waɗannan misalai ne da ba kasafai ake samu ba, amma sun isa su nuna cewa mutane ba a kan ma'auni ɗaya aka halicce su ba wajen jin zafi, don haka babu adalci a auna dauriyar wani da ta wani. Hukumomi ma sun karɓi wannan fahimta. A 2017 ƙungiyar masana nazarin ciwo ta duniya ta amince da rukuni na uku na ciwo, wanda ke tasowa daga sauyin aikin jijiyoyin kansu ba tare da an ga rauni a nama ko a jijiya ba, sannan sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022, ya sanya ciwon da ya wuce wata uku a matsayin larura mai zaman kanta.

Malam Edita, inda na fi so a tsaya a yi nazari shi ne batun magunguna dangin mofin, irin su tiramadol da kodin. Abin da hankali ke fara bayarwa shi ne, idan ciwo ya ƙaru a ƙara magani. To amma an tabbatar a jikin dabbobi, an kuma gani a jikin mutane, cewa waɗannan magunguna da kansu suna iya tunzura jijiyoyi su ƙara saurin jin zafi idan aka daɗe ana shan su ko aka sha da yawa. An fi ganin hakan ƙarara a ɗakin tiyata, inda waɗanda aka ba wani dangin mofin mai suna remifentanil da yawa lokacin aiki sukan farfaɗo da ciwo fiye da waɗanda aka ba kaɗan. Wannan daban yake da sabon da jiki ke yi da magani. Wanda jikinsa ya saba, idan aka ƙara masa adadi yakan samu sauƙi na ɗan lokaci. Wanda maganin ya tunzura jijiyoyinsa kuwa, ciwon nasa yana bazuwa ne ya wuce inda ya fara, fatarsa ta ƙi taɓuwa, ƙarin maganin kuma ya ƙara dagula al'amarin. A 2018 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta wallafa wani gwaji da aka yi a kan mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa ko na ƙugu. Bayan shekara guda, waɗanda aka ɗora a kan dangin mofin ba su fi waɗanda aka ba wasu magungunan kashe zafi iya gudanar da harkokinsu ba, zafin nasu ma ya ɗan fi, kuma sun fi shan wahalar illolin maganin. Ko magungunan ciwon kai na yau da kullum suna da irin wannan tarko, don wanda yake shan farasitamol ko makamancinsa kwana 15 ko fiye a kowane wata saboda ciwon kai, tsawon watanni, yana iya wayar gari maganin ne ke riƙe da ciwon.

Kada a fahimce ni a baibai. Mofin magani ne mai daraja, kuma hana shi ga mai ciwon daji, ko wanda aka yi wa babban aiki, ko mai sikila da ciwonsa ya tashi, zalunci ne. Hasali ma barin ciwo mai tsanani ya daɗe ba a kashe shi ba yana cikin abubuwan da ake ganin suna share fagen wannan larura. Masu sikila sun cancanci a ambace su a nan, domin gwaje-gwaje sun nuna da yawansu suna saurin jin zafin sanyi da na ɗumi fiye da sauran mutane ko a lokacin da ciwon bai tashi ba, amma su ne aka fi yi wa kallon masu neman ƙwaya idan suka zo asibiti suna murƙususu. Haka kuma wanda ya daɗe yana shan dangin mofin kada ya yanke shi dare ɗaya saboda ya karanta wannan wasiƙa. Ragewa ake yi sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likita.

Magungunan da aka fi samun hujja a kansu a wannan fage, abin mamaki, an ƙirƙire su ne don wasu cututtukan daban. Amitiriftilin da dulokzetin na ciwon damuwa ne tun asali, amma suna ƙarfafa wancan birki da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa. Gabafentin da firegabalin na farfaɗiya ne, suna kuma rage yawan saƙon da jijiyar da ta tunzura ke turawa. Ya kamata likita ya yi wa majinyaci wannan bayani tun farko, don na san akwai masu karanta takardar cikin kwali su ga an rubuta maganin damuwa, su ɗauka an mayar da su masu taɓin hankali, su jefar. Sannan a gaya masa gaskiya game da iyakar ƙarfinsu. Wani babban nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara gwaje-gwaje fiye da 200 kan ciwon jijiya, ya nuna cewa sai an ba kimanin mutum 4 dangin amitiriftilin, ko kimanin mutum 8 firegabalin, kafin a samu ɗaya da zafinsa ya ragu sosai saboda maganin kansa. Suna kuma zuwa da jiri da barci da bushewar baki, kuma firegabalin da gabafentin suna iya kama mutum, abin da ya sa Birtaniya ta sanya su cikin jerin magungunan da doka ta tsaurara a 2019. Idan ciwon a wuri ɗaya yake, akwai filastar lidokain mai sandarar da wurin, akwai kuma filastar sinadarin barkono mai ƙarfin kashi 8 cikin 100 da ake liƙawa a asibiti, wadda ke gajiyar da bakin jijiyar ta yi shiru na tsawon makonni.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne wanda ba ƙwaya ba, alhali hujjarsa ba ta gaza ta ƙwayar ba. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta fitar da shawara kan daɗaɗɗen ciwon da ba a ga wata cuta a ƙarƙashinsa ba, inda ta sa motsa jiki da koyar da dabarun zama da ciwo a gaba, ta kuma ce kada a fara ɗora irin waɗannan majinyata a kan dangin mofin. Shawarar ta jawo muhawara, kuma wasu majinyata sun ji tsoron za a raba su da abin da suke dogaro da shi, tsoron da nake ganin ya cancanci a saurara. Duk da haka ina ganin tushen shawarar daidai ne. Jijiyar da ta tunzura tana sauka ne idan aka riƙa nuna mata motsi kaɗan-kaɗan wanda bai kai ya tayar da ita ba, ana ƙarawa mako bayan mako. Kwanciya gaba ɗaya tana ƙara sandarar da jiki, yin aikin kwana uku a ranar da aka ɗan ji sauƙi kuma yana mayar da hannun agogo baya. Gyara barci yana cikin maganin, haka ma kula da damuwa da fargaba, tun da hanyoyinsu a ƙwaƙwalwa sun haɗu da na zafi.

Bincike bai tsaya ba. Tun 2018 aka fara amfani da allurai masu toshe wani sinadari mai suna CGRP, wanda ke da hannu a ciwon ɓarin kai, domin rigakafin wannan ciwo, a watan Janairun 2025 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da suzetirijin, wanda ke toshe wata ƙofa a jijiyoyin zafi ba tare da ya bi hanyar mofin ba, ko da yake don ciwo na ɗan lokaci aka amince da shi. Ya dace masu kawo irin waɗannan labarai su riƙa taka-tsantsan, domin magunguna da dama sun yi abin al'ajabi a jikin ɓeraye suka kasa a jikin mutane. A 2015 ma masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun gano cewa ƙwayoyin garkuwar da ke haddasa ƙaruwar jin zafi a ɓera namiji daban suke da na mace, bayan an shafe shekaru ana yin yawancin gwaje-gwajen a kan maza, alhali mata sun fi yawa a cikin masu fama da daɗaɗɗen ciwo.

Wajibi ne kuma in ja kunne kada wannan ilimi ya zama mafakar ganganci. Ba kowane ciwo da aka kasa gano dalilinsa a ganin farko ne ƙaruwar jin zafi ba. Ciwon da ya zo sabo, ko ya zo tare da zazzaɓi, ko rama, ko raunin gaɓa, ko kasa riƙe fitsari, yana buƙatar bincike na gaggawa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne shafin lafiya na wannan jarida ya gayyato likitan jijiyoyi ko ƙwararren likitan kashe zafi, tare da masanin gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, su amsa tambayoyin masu karatu a kan wannan larura, a kuma ba wasu daga cikin masu fama da ita dama su bayyana halin da suke ciki da bakinsu. Ga ma'aikatan lafiya kuma, idan majinyaci ya dawo yana cewa maganin bai yi ba, kafin a ƙara masa adadi a tambaye shi ko riga ko mayafi na yi masa zafi, ko ciwon ya bazu ya wuce inda ya fara, yaya barcinsa yake, kuma kwana nawa a wata yake shan maganin kashe zafi.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naku,
Mai bibiyar shafin lafiya